Maigidana ya hana yayana shiga gidanmu saboda ya taɓa jagoransu, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekararmu goma sha ɗaya da aure a nan Kano, 'ya'ya huɗu. Maigidana tela ne, auren zumunci aka yi mana, kuma Allah ya sani bai taɓa barina da yunwa ba, ko lokacin da kekensa ya lalace muka yi wata biyu muna cin garin kwaki. Matsalar ita ce jagoran siyasarsu. Hotonsa uku a falo, ɗaya ma ya fi na Alhaji surukina girma. Ɗanmu na uku sunan jagoran aka sa masa, alhali mun yi da shi sunan babana za a mayar. Ranar Sallah Yaya ya zo yawon Sallah, hira ta kai ga siyasa, ya faɗi wata magana, sai maigidan ya miƙe ya ce ko wuta jagora ya ce su shiga za su shiga, kuma kada Yaya ya sake taka masa gida. Wata uku ke nan. Inna tana ta kirana. Ya zan yi?

Uwar Biyu: 'Yar uwa ki yi shiru ki riƙe aurenki. Ni nawa ƙwallo ce, ranar da aka ci ƙungiyarsa ko tuwo ba ya ci, yara sai su shige ɗaki. Shekara tara ina fama. Haka maza suke.

Tsohon Ɗan PRP: 'Yata, wannan ciwon na san shi tun kafin a haife ki. A 1980 da jam'iyyarmu ta rabu santsi da taɓo, Rimi da Balarabe Musa gefe guda, Malam Aminu gefe guda, na yi shekara biyu ba na gaisawa da ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya. Malam ya rasu a 1983, a ƙarshen shekarar soja suka kwashe kowa da kowa, ni da ƙanina muka tsaya muna kallon juna kamar wawaye. Ki duba na kusa ma. Ganduje sau biyu yana yi wa Kwankwaso mataimaki, 1999 da 2011, da jar hula a kansa. A 2016 suka raba gari. Waɗanda suka fasa wa juna kai a kansu fa? Su manyan gobe za ka gan su a ɗaurin aure suna musabaha. Ki faɗa wa mijinki ni na ce, ɗan siyasa ba ya da amini sai kujera.

Ɗalibin Ilimi: Ni maganar wutar ce ta tayar min da hankali. Wannan kalma ce mai nauyi, ya yi istigfari. Hadisi ya ce babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci, kuma yanke zumunci babban zunubi ne. Fir'auna bai ce "ni ne ubangijinku mafi ɗaukaka" ba sai da ya samu masu ce masa haka ne ranka ya daɗe. A kai shi wajen limamin unguwarku.

Mai tambaya: Malam don Allah kada a kai shi can. Ba ya wasa da salla, sahun farko yake. Zafin zuciya ne kawai. Kuma gaskiya ƙaninsa a makarantar da jagoran ya gina ya yi karatu, to ka ga ba a banza yake son sa ba.

Tsohon Ɗan PRP: Da kuɗin gidansu ya gina? Kuɗinki ne, kuɗin jiha. In direban mota ya kai ka Zariya lafiya ka ce masa sannu, ba ka rataya hotonsa a falo.

Direban Tasha: Baba ka taɓo mu. Ni a 2015 har kuka na yi ranar da aka ce Buhari ya ci, Kano kaɗai ƙuri'a wajen miliyan 1.9 muka ba shi. Duk wanda ya ce uffan a tasha sai mu ce ɗan PDP ne. Da aka rufe boda a 2019 kayan abinci suka tashi, na kasa buɗe baki, don ni na riga na ce wa kowa ba ya kuskure. Bakina ne ya ɗaure ni. Allah ya jiƙansa, yanzu yana kwance a Daura kamar kowa.

Uwar Biyu: To ku duk kun koma siyasa. Ita fa yayanta take tambaya.

Wata Daga Gwale: Wai me Yayan ya faɗa ne? Ba ki gaya mana ba. In zagi ya yi a gidan mutum ranar Sallah, shi ma da nasa.

Mai tambaya: Ba zagi ba ne sosai. Shi ma Yaya yana da nasa jagoran, kun gane. Ni dai ba zan cire hotunan ba, kuma ba zan kai ƙararsa ba. Akwai wata hanyar?

Tsohon Ɗan PRP: Au, ashe biyu ne marasa lafiyar.