Injin surfani yana shelar tsinkewar zare alhali zaren lafiya yake, kuma saitin murya ba ya zama

Mai Allura 12 ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan sana'a. Ina da injin surfani na kwamfuta mai kai ɗaya da allura 12, wanda na shekara uku ina aiki da shi ba tare da wata damuwa ba, sai a makonni biyun nan da ya fara wasu halaye guda uku, bayan wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar aiki. Na farko, yakan tsaya muryar cikinsa ta yi shelar cewa zare ya tsinke, in duba in tarar zaren sama da na kwarkwaro duk lafiya suke, kuma abin ya fi yawa idan ya zo kan ƙananan haruffa. Na biyu, idan na sa filas domin ɗauko zane, wani lokaci allon yakan sandare sai na kashe na kunna, wani lokaci kuma ya buɗe amma wasu zanukan su ƙi bayyana. Na uku, duk lokacin da na rage ƙarfin muryar na zaɓi harshen da nake so, da zarar an kashe injin sai komai ya koma yadda ya zo daga masana'anta, har kwanan watan da ke kan allon ma ya koma baya. Shin manhajar ce ta lalace gaba ɗaya? Kuma akwai illa idan na kashe muryar baki ɗaya, tunda yanzu ba na yarda da abin da take faɗa?

Tsohon Makaniki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki ɗora wa manhaja laifi, ki dubi abin da kika ambata a ƙarshe, domin shi ne ya fi ba da haske. Injin da ke manta kwanan wata duk lokacin da aka kashe shi, mafi yawanci ɗan batirin da ke kan babban allon lantarkinsa ne ya mutu, wato irin mai kama da kwabo, sau da yawa samfurin CR2032 mai bolt 3. Wannan batiri shi ke riƙe agogo, kuma a wasu injuna shi ke riƙe wani ɓangare na saitin da mai aiki ya zaɓa. Ɗaukewar wutar ba lallai ita ta kashe shi ba, watakila ta dai zo daidai da ƙarewarsa.

Idan haka ne, to ba saitin murya kaɗai kika rasa ba, har da saitin gano tsinkewar zare, kuma nan ne matsalarki ta farko ta samo asali. Injin ba ya ganin zare da ido. A mafi yawan injunan sana'a zaren sama yana zagaye wani ɗan wili kafin ya sauko zuwa allura, muddin wilin yana juyawa manhaja ta ɗauka zare yana tafiya, idan kuma aka yi wasu adadin suka bai motsa ba sai ta yanke hukuncin cewa ya tsinke. Wasu injunan da 'yar wayar sifirin da ke tsalle tare da zaren suke auna wannan. A ƙananan haruffa zaren da ake ja a kowace suka kaɗan ne ƙwarai, don haka idan saitin ya koma mai saurin hukunci, wilin da ke juyawa a hankali zai zama tamkar wanda ya tsaya.

Ki fara da abin da hannu ke iya yi. Ki tabbatar zaren ya naɗe wilin yadda littafin injin ya nuna, ki goge burbushin zare da ƙurar da suka taru a bayansa, ki juya shi da yatsa ki ji ko yana cijewa. Sannan ki lura ko allura ɗaya ce ke yawan kawo ƙarar ko dukkansu. Idan ɗaya ce, laifin na hanyar zarenta ne, idan kuma duk 12 ne, sai ki koma ga saiti ki ƙara adadin sukar da injin zai jira kafin ya tsaya, mataki ɗaya a kowane gwaji. Kada ki ƙara da yawa, domin ranar da zaren ya tsinke da gaske injin zai yi nisa yana huda yadi babu zare.

Mai Zana Fulawa ta amsa:

Ina goyon bayan Malam a kan batiri, amma batun filas daban yake, kuma na fi zaton ba shi da alaƙa da ɗaukewar wutar. Allunan waɗannan injuna ƙananan kwamfutoci ne masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma galibinsu tsarin FAT32 kawai suke karantawa, wato ɗaya daga cikin tsarin ajiye fayiloli a filas. Filas mai girma fiye da gigabait 32 yakan zo ne da tsarin exFAT, wanda da yawa daga cikinsu ba su san shi ba. Ki ware ƙaramin filas guda domin injin kaɗai, ki yi masa fomatin zuwa FAT32, kada ki zuba masa hotuna ko sauti, ki kuma taƙaita sunan kowane zane zuwa haruffa da lambobi takwas ko ƙasa da haka, babu tazara, babu haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ. Yawancin zanukan da ke ƙin bayyana sunansu ne ya ɓoye su, ko an cusa su cikin folda a cikin wata folda. Ki duba ƙwaƙwalwar injin ma, domin idan ta cika da tsofaffin zanuka tana iya sa allon sandarewa a lokacin kwafi.

Akwai kuma abin da ya shafi zanen kansa. Tsarin fayil ɗin zane na DST, wanda kamfanin Tajima na Japan ya samar kuma kusan kowane injin sana'a ke karantawa, ba ya ɗauke da launi ko kaɗan, umarnin motsi da tsalle (wato matsawa ba tare da suka ba) da tsayawa domin sauya allura kawai ke cikinsa, kuma suka ɗaya ba ta wuce milimita 12.1. Ko yanke zare ba shi da umarni na kansa a ciki, injin ne ke ƙirga tsalle a jere, sau da yawa uku, ya ɗauke su a matsayin umarnin yankewa. Wannan adadin ma saiti ne, don haka idan saitinki ya koma na masana'anta, ki lura ko injin ya fara yanke zare a inda ba ya yi a da. Haka nan idan an rage girman zanen DST ba tare da an sake lissafa sukarsa ba, sukar takan cunkushe ta zama ƙanana ƙwarai, wasu ƙasa da rabin milimita, kuma irin waɗannan su ne ke ruɗar wilin da Malam ya bayyana. Ki nemi wanda ya zana miki haruffan ya tace ƙananan sukar daga ainihin fayil ɗinsa, ki kuma rage gudu zuwa kamar suka 600 a minti idan an zo kan rubutu.

Ɗan Koyo ya amsa:

Hajiya, ni da irin wannan ya same ni, sabuwar manhaja na sauko da ita daga intanet na ɗora wa injin, sannan na mayar da komai saitin masana'anta, kuma sandarewar allon ta daina. Muryar kuwa na kashe ta tun ranar, tunda fitilar da ke kan kai tana nuna ja idan zare ya tsinke.

Tsohon Makaniki ya sake amsawa:

Ɗana, ka yi sa'a, amma ba zan ba Hajiya wannan shawara a yanzu ba. Manhajar ciki tana tafiya ne da takamaiman samfurin allon lantarki, kuma injuna biyu masu kama ɗaya a waje suna iya ɗauke da alluna daban. Idan aka ɗora wadda ba ta dace ba, ko wuta ta yanke ana tsakiyar ɗorawa, injin yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Mayar da komai saitin masana'anta kuma yana iya shafe abubuwan da aka daidaita wa wannan injin shi kaɗai, kamar yawan allurarsa, iyakar tafiyar firam, da kusurwar da babban sandan da ke motsa allura ke tsayawa, wadda a injuna da yawa digiri 100 ce. Duk wanda zai taɓa waɗannan, ya fara ɗaukar hoton kowane shafi na saiti da wayarsa, ya karɓi fayil ɗin manhajar daga wanda ya sayar masa da injin bayan ya ba shi lambar allon lantarkin, kuma ya jona injin da na'urar riƙe wuta kafin ya fara.

Game da murya, Hajiya, ba na son ki kashe ta. Fitila tana amfani ne ga wanda ke kallon injin, alhali mai aiki yakan juya baya yana ɗaura yadi a firam na gaba. A injunan da na sani, ƙarar maɓalli, ƙararrawar kuskure da muryar magana kowanne da wurin saitinsa, don haka kina iya kashe ƙarar maɓalli da sanarwar kammala aiki idan sun dame ki, ki bar ta tsinkewar zare da ta firam ya kai iyaka. Ki kuma sani cewa harshen rubutun allo da harshen murya ba lallai su zama ɗaya ba, domin muryar fayilolin sauti ne da aka ajiye a ciki, kuma wani harshen yana da rubutu amma ba shi da sauti. Bayan kin zaɓa, ki danna maɓallin tabbatarwa kafin ki fita daga shafin, ki ɗan jira kafin ki kashe injin.

Mai Allura 12 ta dawo:

Na gode ƙwarai, Malam, da ke 'yar'uwa. An sauya batirin jiya bayan an cire injin daga wuta, kuma yau da na kunna na tarar kwanan wata da ƙarfin murya suna nan yadda na bar su. Filas ɗin da nake amfani da shi ashe mai gigabait 64 ne, na sauya shi da ƙarami, zanukan duka sun bayyana kuma allon bai sake sandarewa ba. Shelar tsinkewar zare ta ragu sosai bayan na ƙara mataki ɗaya a saitin, sai dai allura ta 7 har yanzu tana tsayawa a kan haruffa, kuma da na juya wilinta da yatsa na ji ya fi sauran nauyi ko bayan gogewa. Malam, ana iya kwance wilin allura ɗaya a wanke shi ba tare da an taɓa ɗan allon lantarkin da ke bayansa ba, ko dole sai an cire murfin kan gaba ɗaya?