Neman kalmar Hausa: me za mu kira "substrat" na akwatin aksolotul?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana shirya taƙaitaccen bayani da Hausa don masu son kiwon aksolotul, dabbar ruwan nan mai ƙafa huɗu da asalinta tafkin Xochimilco ne a birnin Meziko. An maƙale a kan kalmar Faransanci "substrat", wato abin da ake zubawa a gindin akwatin gilashi kafin a cika ruwa. In aka ce "ƙasa", wani zai ɗebo ta gona ya zuba. Me kuka gani?

Mai sayar da kifin ado, Kusseri: Wa alaikumus salam. A ce tsakuwa mana. Ita kowa yake sa wa kifi, ita mai saye ya sani.

Likitan dabbobi, Injamena: Alhaji, ka yi haƙuri, wannan sunan kam kashe dabba zai yi. Aksolotul ba kifi ba ne, dangin kwaɗo ne, kuma ba ya tsintar abinci. Buɗe baki yake yi farat ɗaya ya zuƙi ruwa da duk abin da ke gabansa. Tsakuwar da ta kai girman wake tana shiga, ta kasa fita, ta toshe hanji. Sai ka ga ya ƙi cin abinci, ciki ya kumbura, kwanaki ba kashi, wani lokaci yana yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa. Ƙa'idar masu kiwo ita ce: duk abin da ke gindin akwatin, ko dai ya yi laushin da zai bi hanji ya fita, ko ya fi kan dabbar girma. Idan muka sa wa abin suna tsakuwa, mun koya wa mutane kuskure tun daga sunan.

Malamar Hausa, Marwa: Ina ganin kalma biyu ne a gabanmu, daɓe da shimfiɗa. Daɓe abu ne da aka buga ya taurare, ba ya motsi. Shimfiɗa kuwa ana yin ta, ana naɗe ta, ana canja ta, kuma ba ta faɗi abin da aka yi ta da shi ba. Ni na zaɓi shimfiɗa. Sai a ce shimfiɗar rairayi, shimfiɗar duwatsu.

Likitan dabbobi, Injamena: Malama ta yi daidai da ta ce rairayi, ba yashi ba. Yashin gini yana da gutsattsarin tsakuwa masu kaifi. Wanda ake so shi ne mai laushi, ƙwayarsa ba ta kai milimita 1 ba. Shi ma ba a sa wa ƙarami. Sai tsawon dabbar ya kai santimita 15, kafin nan gilashi zalla ya fi.

Mai haɗa akwatunan kifi, Garwa: Ga mai son ɗebo rairayi daga kogin Binuwai, ko na Shari, ko busasshen mayo (kogi) na Marwa, akwai aiki kafin a zuba. A shanya, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, a zubar da abin da ya tsaya a sama. A zuba a bokiti a yi ta wankewa ana tsiyayewa har ruwan ya fito garau, ban da sabulu ko omo ko kaɗan. A tafasa shi saboda ƙwayoyin cuta, a bar shi ya huce. A ɗebi cokali guda a ɗiga ruwan khal: in ya yi kumfa, akwai farar ƙasa ko ɓawon katantanwa a ciki, zai riƙa ɗaga pH na ruwa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwan, alhali ana son ya tsaya tsakanin 6.5 da 8. Kauri kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ya fi haka, iska ba ta kai wa ƙasan, kashi da ragowar abinci su ruɓe, wurin ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk mako a ɗan motsa shi da yatsa lokacin canjin ruwa.

Wani abu da ba na kalma ba: wannan dabba tana son ruwa mai digiri 16 zuwa 18, in ya haura 24 ta shiga haɗari. Da zafin Maris da Afrilu a Garwa, wanda ba shi da na'urar sanyaya ruwa da wutar da zai dogara da ita, kada ma ya fara.

Mai sayar da kifin ado, Kusseri: Na janye tsakuwa. To masu jera karo, wato tayil na ƙasan ɗaki, fa a gindin akwatin?

Malamar Hausa, Marwa: Nan daɓe ya sami gurbinsa, Alhaji. Karo ko faffaɗan dutse da aka jera ya zauna daram, daɓe ne. Yana ba ƙafar dabbar abin kamawa, tunda gilashi zalla santsi gare shi. A dai matse su sosai, don datti yana taruwa a tsakaninsu da ƙarƙashinsu.

Mai tambaya, Garwa: Madalla, Allah ya saka da alheri. A rubutun za mu sa shimfiɗa a madadin "substrat", da kashi uku: gilashi zalla ga ƙanana, shimfiɗar rairayi ga manya, daɓen karo ga kowa. Tsakuwa za ta shiga jerin abubuwan da aka hana.