Neman shawara: Ina kwana a cikin mota, yaya zan haɗa abinci ba tare da kunna wuta ba?

Mai neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni direba ne, ina jan ƙaramar motar ɗaukar kaya a nan Kano, yawanci daga kasuwar Dawanau zuwa shagunan cikin gari, wani lokaci kuma daga Singa zuwa unguwannin bayan gari. Mai gidan da nake haya ya sayar da gidan, kuɗin da ake nema a wasu wuraren kuma ya fi ƙarfina a yanzu, don haka na mayar da iyalina ƙauye wurin mahaifana kafin Allah ya hore, ni kuma nake kwana a cikin motar a wata tasha mai masu gadi. Wanka da alwala ba su zame mini matsala ba, domin akwai gidan wanka da masallaci a kusa. Abin da ya dame ni shi ne abinci. Sayen abinci sau uku a rana yana cinye abin da ya kamata in aika gida, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, shugabannin tashar kuma sun hana kunna risho ko gawayi a tsakanin motoci, ni ma ban ga laifinsu ba. Ina roƙon waɗanda suka san kan abin su gaya mini abin da zan iya ajiyewa a mota in riƙa haɗawa da kaina, wanda zai riƙe cikin mai ɗaga buhu, kuma ba zai lalace a wannan zafi na bazara ba.

Wani tsohon direban tirela

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya kawo mafita, amma kada ka ɗauki wannan a matsayin baƙon abu, domin mu da muka yi rayuwa tsakanin Kano da Legas, rabin shekarunmu a kan kujerar mota muka ci abinci. Abu na farko da za ka saya, tun kafin ka sayi ko mudu ɗaya na gari, shi ne filas mai kyau wanda yake riƙe zafi, babba mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu. Ka ƙulla alaƙa da mai shayi guda ɗaya a tashar, ka riƙa ba shi wani abu kaɗan yana cika maka shi da tafasasshen ruwa safe da dare. Wanda yake da ruwan zafi a hannu ya riga ya gama rabin girki.

Da wannan ruwan za ka haɗa shayi da madarar gari, ka ci da burodi. Da shi za ka jiƙa kuskus: ka zuba a ƙaramar kula, ka sa gishiri da ɗan man gyaɗa, ka zuba ruwan ya ɗan rufe kansa, ka rufe murfi kamar minti goma, sai ka buɗe ka wargaza da cokali, ka juye kifin gwangwani da yankakkiyar albasa. Taliyar Indomie ma haka take nuna a cikin kula, ko da yake ni ba na ƙirga ta a cikin abincin mai aikin ƙarfi, domin kafin ka sauke buhu goma ta bi iska. Sauran kayan da ba sa buƙatar ko ruwan zafi su ne garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, sukari da yaji. Waɗannan ka saye su da ɗan yawa sau ɗaya, ba na naira kaza kullum a hannun mai tebur ba, tun da kai ne kake shiga Singa da Dawanau inda ake sarin su.

Wata uwar gida daga Jakara

Malam direba, sannu da ƙoƙari. Baba ya faɗi gaskiya, sai dai maza idan aka bar su da gari, jiƙa shi da sukari kaɗai suka sani, alhali kwaɗon gari ya fi riƙe ciki nesa ba kusa ba. Ka yayyafa wa garin ruwa kaɗan, ba mai yawa da zai zama kunu ba, ka bar shi ya sha har ya yi laushi. Sannan ka zuba dakakken ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji da gishiri, ka yanka tumatir da albasa da kokwamba, ka cakuɗa sosai. Idan ka samu dafaffen zogale ko rama a hannun masu talla, ka zuba a ciki, ka ga ka samu ganye ke nan ba tare da ka ɗora tukunya ba. Dakakken ƙulin kuma ka haɗa shi da yajinsa tun farko a cikin roba mai murfi, domin ba kullum za ka samu inda za ka daka ba.

Wannan ƙulin shi ne kuma zai yi maka bandashe. Ka sayi gurasa, wadda mu a nan cikin gari ba ma rasa ta ko da wane lokaci, ka yayyafa mata ruwan ɗumi daga filas ɗinka ta yi taushi, ka barbaɗe ta da ƙuli, ka zuba mai da albasa da kabeji. Gurasa biyu da aka haɗa haka sun isa abincin rana.

Abin da na fi so ka ji kuwa shi ne wannan: iyalinka suna ƙauye, kuma a ƙauye ake da guzuri na asali. Ka ce wa maiɗakinka ta riƙa tara maka ƙanzo tana shanya shi har ya bushe ƙarau, domin busasshen ƙanzo yana daɗewa bai yi komai ba, jiƙa shi kawai za ka yi ya yi laushi, ka tsane ruwan, ka kwaɗa shi yadda na faɗa a kan gari. Ta yi maka dakuwa da garin kunun tsamiya ko na gyaɗa. Shi garin kunu sharaɗinsa ɗaya ne, ruwan ya kasance yana kan tafasa, saboda haka ka dama shi da ruwan sanyi tukuna, ka kai kofinka wurin mai shayi ya zuba maka kai tsaye daga buta, idan ba haka ba zai tsinke ya bar ka da ɗanyen gari. Da irin wannan guzuri iyayenmu fatake suka yi tafiyar watanni, ba su da filas ma.

Wani matashi

Yaya, akwai butar lantarki da ake sakawa a ramin kunna sigari na mota, ana samunta a Sabon Gari. Idan ka saye ta ba ka buƙatar mai shayi.

Wani mai gyaran wayar mota

Butar da ɗan'uwa ya ambata gaskiya ce, amma ya kamata a faɗi iyakarta kafin mutum ya kashe kuɗinsa. Wannan ramin a ƙananan motoci wutar bolt 12 yake bayarwa, fis ɗinsa kuma yawanci amfiya 10 ne zuwa 15, wato ƙarfin da zai iya fitarwa bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, alhali butar gida tana cin wat 1,500 ko fiye. Sakamakon haka rabin lita na ruwa yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya tafasa. Idan inji yana kashe, batirinka take zuƙa, wata safiya sai ka nemi masu tura mota. Idan kuma ka tayar da inji a tsaye don kawai ka dafa ruwa, fetur ɗin da za ka ƙona ya fi abin da za ka ba mai shayi. Inda take da amfani shi ne lokacin da kake tafiya mai ɗan nisa da kaya, a kafe ta yadda ba za ta kife a kan ƙafa ba. Kuma kada a yarda wani ya ce zai sa fis mafi girma ko ya haɗa ta kai tsaye da batir ba tare da fis ba, domin na ga motocin da wayarsu ta narke ta wannan hanya. Masu manyan motoci su lura cewa tasu wutar bolt 24 ce, butar ma daban take.

Wata ma'aikaciyar jinya

Malam, ina so in yi magana a kan ɓangaren da ka ambata a ƙarshe, wato lalacewar abinci, domin nan ne hatsarin yake. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka sosai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a cikin sanyi ba, sai dai idan an riƙe shi da zafi sama da maki 60 ko da sanyi ƙasa da maki 5, kai kuma ba ka da ko ɗaya daga ciki. Ma'anar wannan a aikace ita ce, duk abin da ruwa ya taɓa, ko kwaɗo ne, ko kuskus, ko kunu, ka haɗa daidai cikinka ka cinye a take, kada ka rage na dare. Kifin gwangwani da zarar an buɗe shi a cinye, gwangwanin da ya kumbura kuma a jefar da shi ba tare da an ɗanɗana ba. Dafaffen zogalen da Hajiya ta ambata yana da kyau ƙwarai, amma a saye shi da safe lokacin da aka sauke shi, ba wanda ya yini a tire ba.

Tun da yawancin abin da za ka ci ɗanye ne, tsabtar ruwa da hannu ita ce ta maye gurbin wuta. Ka ajiye sabulu a mota, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci, ka wanke tumatir da kabeji da ruwan da za ka iya sha, ka wanke wuƙa da kwano nan take. Amai da gudawa ta wannan hanya suke shiga, musamman idan damina ta faɗi.

Busasshen kaya ma yana da nasa sharaɗi. Tasha ba ta rabuwa da ɓeraye, kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ne ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, garin kwaki da ake jiƙawa ba tare da dafawa ba kuwa yana cikin abin da ake yawan gargaɗi a kansa. Leda ba ta hana ɓera. Ka sa komai a bokitin roba mai murfi mai kamawa. Gyaɗa ko ƙulin da ya yi fumfuna ko ya yi ɗaci ka zubar, domin gubar da ke cikinsa hanta take illatawa.

Abu na ƙarshe, ko da wata rana ka kwana a inda babu mai hana ka, kada ka shigar da gawayi ko risho cikin mota, ko don ɗumi a lokacin hunturu, kuma kada ka yi barci inji yana aiki gilasai a rufe. Iskar da ke fitowa daga gare su ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi.

Wani malamin makaranta

A kan batun sanyaya kayan miya, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa sai ya janye zafin ciki, tumatir da tattasai su yi kwanaki ba su ruɓe ba. Ta fi aiki a lokacin rani da iska take a bushe, irin yanzu.

Tsohon direban tirela

Malam, dabarar tana da kyau ga mai gida, amma tukwanen ƙasa biyu da yashi a motar da take faɗawa ramuka da kaya a bayanta ba za su kai Juma'a ba, kuma tana buƙatar iska, cikin mota kuwa a rufe yake. Sai dai idan mai gadin tashar zai yarda a ajiye ta a inuwar ɗakinsa. Abin da muke yi shi ne mu naɗe jarkar ruwa da jiƙaƙƙen buhun algarara mu rataye ta inda iska take bugawa, hikimar dai ɗaya ce. Kayan miya kuwa albasa kaɗai ake ajiyewa, tumatir a sayi na yini ɗaya.

Mai neman shawara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa batun butar lantarki, zan nemi filas da bokiti, zan kuma aika gida a kan ƙanzo da garin kunu. Saura tambaya ɗaya: fura da nono fa? Ina sonta da rana, amma ban san ko zan iya sayen ta da safe in ajiye ba. Kuma shin mutum zai iya daɗewa a kan irin wannan abinci ba tare da ya raunana ba?

Ma'aikaciyar jinya

Nono a saya a sha a wurin, kada a ajiye shi a mota ko na rabin yini. Idan kana son ta a lokacin da babu mai nono kusa, ka sayi curin furar kaɗai da safe, ka ajiye a inuwa, ka dama da madarar gari da ruwa mai tsabta kafin la'asar. Idan ta fara tsami ko yauƙi ka haƙura da ita.

Game da ƙarfin jiki, ƙuli-ƙuli da gyaɗa da madara da kifi suna gina jiki, ka ƙara da dafaffen ƙwai ko ƙosai ko awara da aka soya a gabanka. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne ganye da 'ya'yan itatuwa, rashinsu tare da ƙarancin shan ruwa da yawan zama a kujera shi ne yake kawo wa direbobi taurin bayan gida, don haka idan hanya ta bi da kai 'Yan Lemo ka sayi lemo da ayaba na kwana biyu, kankana kuma a yanka a gabanka. Shawarata ita ce ka haɗa na safe da na rana da kanka, da dare ka sayi abinci mai zafi sau ɗaya, tuwo da miya ko shinkafa da wake, a wurin mai abincin da kake ganin tukunyarta a kan wuta. Idan kana da ciwon sukari ko hawan jini ka sanar da ni, domin a wannan hali sai an rage garin kwaki da sukari, ko kuma gishiri da kifin gwangwani, a sake lissafin daga farko.