Neman shawara: aikin gida a kan Northanger Abbey ya tsaya min

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu karatun adabin Turanci ku kawo min ɗauki. Ina aji uku a jami'a, an ba mu aikin shafi takwas a kan Northanger Abbey na Jane Austen. Tambayar ita ce: shin littafin ba'a kawai yake wa labaran ban tsoro da ake kira Gotik, ko akwai abin da ya wuce nan? Abin da na gano shi ne, Catherine Morland yarinya ce 'yar shekara 17 da karatun labaran tsoro ya cika mata kai, ta je baƙunci gidan su Tilney, ta zargi maigidan da kashe matarsa, daga ƙarshe ta sha kunya. Na rubuta wannan, ko shafi biyu bai kai ba. Na biyu, dole ne sai na karanta The Mysteries of Udolpho, littafin tsoro na Ann Radcliffe da Catherine ke karantawa? Da na ga kaurinsa sai da gabana ya faɗi, ga shi sati biyu ya rage.

Maman Khalil: Wa alaikumus salam ƙanwata. Udolpho juzu'i huɗu ya fito a 1794, kar ki ce za ki cinye shi cikin sati biyu. Nemi taƙaitaccen labarinsa, sannan ki karanta inda mugun labarin, Montoni, ya kai jarumar, Emily, da gwaggonta tsohuwar fadarsa a duwatsun Italiya. Ki lura da abu biyu. Ann Radcliffe takan tsorata mai karatu, sai daga baya ta nuna babu aljani babu fatalwa. Shi kuma Montoni dukiya yake so. Ya auri gwaggon don kuɗi, ya kulle ta don ta sa hannu ta sallama masa kadarorinta. Riƙe wannan, zai yi miki amfani.

Malam Garba: 'Yata, ina ganin kin tsaya ne a babi na 24, inda Henry, ɗan maigidan, ya kama Catherine tana fitowa daga ɗakin marigayiya mahaifiyarsa ya yi mata faɗa, yana cewa ta tuna su mutanen Ingila ne kuma Kirista, ƙasa mai doka da jaridu da maƙwabta masu sa ido, ta yaya za a yi irin wannan ta'asa a ɓoye? Ta fita tana kuka. Da nan littafin ya ƙare, da amsarki ta yi daidai.

Amma buɗe babi na 28. Maigidan, Janar Tilney, wanda ya yi ta tarairayar yarinyar nan tun daga garin Bath inda suka haɗu, ya dawo daga Landan cikin dare ya aiko 'yarsa Eleanor ta gaya mata gobe da ƙarfe bakwai na safe za ta bar gidan. Babu dalili, babu ban haƙuri, babu ko bara guda da zai raka ta, ga tafiyar mil 70 zuwa garinsu Fullerton. Kuɗin hanya ma sai da Eleanor ta ba ta. Mece ce sanadiyya? John Thorpe, abokin wan Catherine, ne ya yi masa ƙaryar cewa ita za ta gaji dukiyar Mista Allen, attajirin maƙwabcinsu da ya kawo ta Bath, shi ya sa yake so ya haɗa ta da ɗansa. Da shi dai Thorpe ya sake yi masa wata ƙaryar cewa gidansu talakawa ne futuk, sai ya kore ta. To ba aikin Montoni ke nan ba, sai dai babu kurkuku? A babi na 30 marubuciyar da kanta ta ce, da Catherine ta ji komai sai ta ga zargin da ta yi masa bai yi nisa da halinsa ba. Ta kuskure laifin, amma ta gane mutumin. Ta ga yadda 'ya'yansa ke ɗari-ɗari in yana wuri, yadda ya tsare su da agogo a kan lokacin cin abinci, ba ta da sunan da za ta ba abin sai wanda littattafan suka koya mata. A nan zan kafa aikin in ni ne.

Bashir: Malam, a yi min afuwa, amma kar a mayar da littafin abin da ba shi ba. Ba'ar nan da gaske take, kuma ita ce daɗinsa. Tun layin farko ake cewa duk wanda ya ga Catherine tana ƙarama ba zai zaci jaruma ce ba: ubanta limamin coci ne da bai san kulle 'ya'ya mata ba, uwarta ta haifi goma kuma tana nan daram ba ta mutu ba. A hanyar zuwa gidan su Tilney, Henry ya yi ta tsokanarta da labarin ƙofar ɓoye da tsohuwar takarda. Suna isa ta buɗe ƙaton akwati, farin mayafin gado ne a ciki. Cikin dare ana iska da ruwa ta zaƙulo takardu a kabad, kyandir ya mutu, ta kwana cikin fargaba, gari na wayewa ta ga lissafin kayan wanki ne. Zainab, kar ki zubar da wannan, malaminki zai neme shi.

Malam Garba: Ban ce ta zubar ba, Bashir. Ta fara da shi, shafi uku ya ishe shi. Amma tambayar ai "kawai" ta ce.

Anti Hauwa: Ni abin da zan ƙara shi ne babi na 5. A nan Austen ta dakatar da labari ta fito ƙarara tana kare littattafan ƙagaggun labarai, tana jin haushin marubutan da ke raina sana'arsu da kansu. Mai yin haka ba maƙiyiyar labari ba ce. Duba kuma su wa ke karatu a cikin littafin. Henry, wanda ya fi kowa hankali, ya ce kwana biyu ya yi ya gama Udolpho gashin kansa a tsaye. John Thorpe mai cika baki shi ne ke taƙama ba ya karanta irin waɗannan, alhali bai ma san Radcliffe ce ta rubuta Udolpho ba. Ita kuwa Isabella, ƙawar Catherine, wadda ta lissafa wa Catherine littattafan tsoro bakwai a babi na 6, cutar da ta yi ba ta shafi fatalwa ba. Ta amince za ta auri James, wan Catherine, da ta ji fam 400 ne kuɗin da zai riƙa samu a shekara sai idonta ya koma kan Kyaftin Tilney, wan Henry. Mu da muka taso ana ƙwace mana littattafan soyayya na kasuwar Kano wai suna lalata 'yan mata, wannan gardamar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, amma in za ki ambace ta layi biyu ya isa.

Zainab: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Littattafan nan bakwai na gaske ne ko ƙirƙirarsu ta yi? Kuma in sa tarihin buga littafin?

Bashir: Na gaske ne duka. An daɗe ana zaton ƙirƙira ce, sai a shekarun 1920 masu bincike irin su Michael Sadleir suka tabbatar akwai su. Tarihin kuwa ki sa, amma a gajarce. Austen ta rubuta shi wajen 1798 zuwa 1799 da sunan Susan, aka sayar wa kamfanin Crosby a 1803 a kan fam 10, suka ajiye ba su buga ba. A 1816 aka fanso shi, bai fito ba sai Disamba 1817 tare da wani littafinta, Persuasion, bayan rasuwarta a Yuli. Akwai 'yar gabatarwa da ta rubuta tana jan hankalin mai karatu cewa shekara 13 sun shuɗe, littattafai da ra'ayoyi sun sauya. Yawancin bugu suna ɗauke da ita.

Maman Khalil: Ki duba bugun da ke hannunki kafin ki sa lambar babi. Wasu sun raba shi juzu'i biyu, na farko babi 15, na biyu 16, to babi na 28 da Malam ya ce zai zama na 13 a juzu'i na biyu. In kin gama shafi huɗun farko turo min ta akwatin sirri in duba miki kafin Juma'a.