Neman kalma: yaya za mu ce "ground clearance" da Hausa?

Mai Shirin Motoci: Assalamu alaikum. Ranar Asabar da safe ina da shiri a rediyo kan ƙananan jif-jif, su Jimny da RAV4 da Forester, da yadda suke yi a hanyar duwatsu. Kalma ɗaya ta tsaya mini, "ground clearance", wato nisan da ke tsakanin ƙasa da ƙarƙashin mota. Ba zan iya nanata wannan doguwar jimla sau goma cikin minti 20 ba, kuma jibi zan miƙa rubutun. A taimaka.

Ɗan Tasha: Tsayin mota mana.

Bakanike: A'a. Ka ce tsayin mota, kowa rufi zai duba. Abin da ake aunawa shi ne wurin da ya fi kusa da ƙasa, wanda dutse zai fara samu. A Jimny ta 2018, dunƙulen nan ne na tsakiyar aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, milimita 210. Forester tana da 220. A takarda ta fi Jimny, amma a kai su gargadar dutse a gani. Jimny ba ta da dogon hanci, tayarta ce ke fara taɓa dutsen, ba bamba ba: tudu mai digiri 37 take iya fuskanta ta gaba, mai 49 ta baya. Ga ta da ƙaramar giya ta rarrafe, wadda RAV4 ba ta da ita. Mu a gareji "tana dukan ciki" muke cewa, ko "ba ta dukan ciki".

Mai Shirin Motoci: Na gode, Oga. Amma suna nake nema, wanda lamba za ta biyo bayansa. Ba na ce "dukan cikinta milimita 210" ba.

Mai Fassara: Tazarar ciki?

Uwar Biyu: Haba dai. A rediyo? Duk macen da ta ji tazarar ciki, shirin tazarar haihuwa za ta ɗauka. A cire ciki daga zancen.

Malamin Hausa: Kafin a je nan, akwai gyara tun daga tambayar. Jif ba kalmar Hausa ba ce, sunan kamfanin Jeep na Amurka ne. Ta yaya motar Japan za ta zama jif? Na daɗe ina ba da shawarar "tsallakau", bisa ƙirar gagarau da dakau. Mota mai tsallake dutse da kwazazzabo, tsallakau. Shi kuma awon nan sai ya zama "awon tsallake".

Ɗan Tasha: Allah ya gafarta Malam, duk garin wanki omo muke ce masa, duk ɗanɗanon miya magi. Ka shiga tasha ka ce tsallakau, wa zai nuna maka mota?

Malamin Hausa: Da haka harshe yake zubewa, kowa ya ce ai an saba. Waɗanda suka ce jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su jira tasha ta amince ba. Tsallakau tana faɗin aikin motar, jif ba ta faɗin komai.

Ɗan Agadas: Mu nan ba jif ba tsallakau, kat-kat muke cewa. Kuma mu ne ke bin hanyar Timiya cikin duwatsun Abzin, inda in kaskon man injin ya fashe sai ka kwana a wurin. Kullum in ana neman kalma ba a tambayarmu, kamar Hausa ta ƙare a Jibiya.

Bakanon Asali: Kat-kat ai Faransanci ne. Masu sauraronsa fowil suka sani, in ana zancen mota mai jan ƙafa huɗu.

Ɗan Agadas: Fowil ɗin kakanninka ne suka raɗa ta? Aronku Hausa, namu baƙo? Kafin a kafa iyakar nan muna Hausa.

Malamin Hausa: Kun ga abin da nake faɗa. Wannan ya ari na Ingila, wancan ya ari na Faransa, ana faɗa a kan kayan aro. Tsallakau ta kowa ce.

Bakanike: Malam, tsallakau ɗinka za ta ruɗa mutane, kuma ruɗun nan kuɗi yake ci. Ba duk mai jan ƙafa huɗu ce ke hawa dutse ba. Lada Niva tun 1977 ƙafa huɗu take ja koyaushe, tana da ƙaramar giya da abin kulle tsakiya mai sa tayoyin gaba da na baya su juya tare. Yawancin na yanzu kuwa gaba ke ja, sai taya ta fara sulɓi sannan ƙarfi ya koma baya. Ga burji da taɓo sun isa. Amma ka kira su tsallakau, mutum ya ɗauka da gaske, ya haura dutse, sai a jawo mini ita da fasasshen kasko. Na sha gani.

Mai Shirin Motoci: Jama'a don Allah, ban tambayi sunan motar ba. Saura kwana biyu.

Mai Fassara: To "ratar ƙasa". Rata ce tsakanin mota da ƙasa. Gwada a baki: "ratar ƙasarta milimita 210", "Forester ta fi Jimny ratar ƙasa". Tana zama.

Uwar Biyu: Wannan na gane ta ba tare da bayani ba.

Malamin Hausa: A nahawu da sauran magana, don ana iya jin ta kamar ƙasar ce ke da rata. "Rata da ƙasa" ta fi daidai. Amma tunda babu aro a cikinta, ba zan hana ba. Zancen tsallakau kuwa ban janye ba.

Ɗan Agadas: Ratar ƙasa za a gane ta a nan. In ka zo kan fowil, ka ambaci kat-kat ko sau ɗaya. Muna kama tashoshinku.

Mai Shirin Motoci: Na ɗauki ratar ƙasa, zan fassara ta sau ɗaya a farkon shiri. Zan ce mai jan ƙafa huɗu, in ambaci fowil da kat-kat. Jif tana nan, Malam ya yi haƙuri. Oga Bakanike, digiri 37 ɗin nan fa, me zan kira shi?

Bakanike: Wannan ba mu da suna a gareji. Ka ce gajeren hanci gare ta, direbobi za su gane.