Space: 1889 yabon mulkin mallaka ne ko ba'a ce da shi?

Nafisa: Jama'a, kafin a soma sabon labari ranar Asabar, bari in faɗi abin da ke raina. Space: 1889, wasan labarin nan da kowa ke ɗaukar matsayin wani mutum, wani na jan labarin ana jefa dayis, wasan yabon mulkin mallaka ne da aka yi wa kwalliya da jiragen sama. Frank Chadwick ya rubuta shi, kamfanin GDW ya fitar a 1988, kuma me ya ba mu? A labarinsa, Thomas Edison ya ƙera injin ratsa sararin samaniya, ya sauka duniyar Mars a 1870, kafin ka ce kwabo Ingila ta kafa tuta a birnin Syrtis Major na Mars, Jamus ta kama wuri a Venus. Rabon Afirka ne na taron Berlin na 1884, an dai ɗauke shi an kai sama.

Malam Habu: A'a Nafisa, kin yi gaggawa. Nuna abu daban, yabonsa daban. Dubi yadda littafin ya kawo 'yan Beljiyam a kwarin Coprates na Mars: aikin tilas, zalunci, mutanen wurin suna tawaye. Wanda ya san abin da Sarki Leopold na biyu ya yi a Kwango daga 1885 zuwa 1908 ya san inda aka dosa. Mai yabo ba ya tona irin wannan.

Nafisa: Malam, ai nan gizo ke saƙa. An ɗora wa Beljiyam muguntar duka don Ingila ta fito da farin kaya. Haka Turawan Ingila na wancan zamanin suke ba da labarin kansu: mu masu kawo doka ne, azzalumai su ne waɗancan.

Sadiq: Ni fa ku yi haƙuri, saboda jiragen na shigo. Itacen da ke tsirowa a tsaunukan Mars wanda ke ɗaga jirgi sama, ga igwa a gefe, ga tuƙi da filafilai. Wa ya ba ku wannan a wani wasan? Kuma na ji daɗin cewa itacen yana lalacewa a Venus, dole Jamusawa su koma wa zafalin ɗinsu, wato jirgin balan-balan.

Nafisa: Sadiq, itacen nan da kake so, a hannun wa yake? A hannun mutanen tsaunuka masu fukafukai. Kuma yaya aka zana su? 'Yan hari, masu kama bayi, marasa wayewa. Su kuwa mutanen biranen da ke bakin manyan magudanan ruwa, an ce suna da tsohuwar wayewa amma ta ruɓe, ko gyaran abin da kakanninsu suka gina ba su iya ba. Wato mai arziki dabba ne, mai birni kuma ya gaji, saura Bature ya zo ya karɓa. Mu da aka ci Kano da Sakkwato a 1903 mun san irin wannan bayanin, an yi shi a kanmu.

Malam Habu: Wannan na mutanen tsaunuka ban da ta cewa, zanen bai yi kyau ba. Amma kada ki manta da Oenotria, daular mutanen Mars. A shekarar da labarin yake, yaƙi suke da Ingila, da rundunarsu da jiragensu, ba su zauna jiran a cece su ba. Sannan duk ginin wasan a kan tunanin mutanen ƙarni na 19 yake, har kurakuransu. Sun ɗauka akwai wani abu da ya cika samaniya wanda haske ke bi, gwajin Michelson da Morley na 1887 bai gano shi ba, wasan ya ce mu ɗauka akwai. Magudanan ruwan Mars ma haka, babu su. To idan iliminsu na bogi ne a wasan, me zai hana mu ɗauki girman kansu a matsayin wani bogin?

Zainab: Malam, bambancin shi ne dokokin wasa. Ka buɗe shafin ƙirƙirar ɗan wasa. Cikin siffofi shida, ɗaya matsayinka ne a al'umma, kuma shi ke yanke irin aikin da za ka iya shiga. Ayyukan kuma su ne hafsan soja, ma'aikacin ofishin mulkin mallaka, maharbin manyan namun daji, mai binciken ƙasa. Littafin ya riga ya zaɓa maka idon da za ka kalli Mars da shi tun kafin ka jefa dayis.

Sadiq: Akwai ɗan tawaye mai ƙin gwamnati a jerin ai, akwai ɗan fasa-ƙwauri. Ni shi nake ɗauka kullum.

Zainab: Shi ma daga Turai ya taso.

Malam Habu: To tunda ni ne mai jan labarin, ga tayi. Ranar Asabar kowa ya zo da ɗan wasa mutumin Mars. Ma'aikatan jirgin kasuwanci ne ku, jirgin yaƙin Ingila ya tare ku a hanyar Syrtis Major yana neman bincike. Matsayin al'umma kuma za mu auna shi da ma'aunin birninku.

Nafisa: Zan zo. Amma Malam ka lura, sai da ka juya littafin kafin ya zaunu. Maganata tana nan.

Sadiq: Ni dai a bar mini kujerar matuƙi.