Doguwar naƙuda: abin da ya same mu a Kebbi

Ungozomar asibiti, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wadda ta sha doguwar naƙuda, ko wanda ya raka mai ita, ya faɗa mana abin da ya jawo wahalar. A ƙa'idar aikinmu, naƙudar da ta haura awa 12 ba ta zaman gida ba ce, amma da yawa ba a kawo mana su sai sun galabaita.

Wata uwa, Argungu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Haihuwata ta fari ban cika shekara 16 ba, kuma ina goyon ciki a gidanmu, saboda haka kunya ta hana ni faɗa wa Inna cewa ciwo ya fara, har sai da faya ta fashe. Aka yi ta ba ni rubutu, ana jiran izinin maigida wanda ya tafi ci-rani. Da muka isa asibiti, likita ya ce kan jaririn ya fi ƙarfin ƙuguna, ko da na yi ta nishi ba zai fito ba. An yi mini aiki, amma ɗan bai zo da rai ba, ni kuma na tashi da yoyon fitsari, wanda sai daga baya aka gyara mini a cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse da ke Birnin Kebbi. Har yau ina ganin jiran izinin nan ya fi ƙanƙantar ƙugun cutar da ni.

Magidanci, ƙasar Yawuri:
Allah ya sa mai ceto ne, Baiwar Allah. Mu tsallaken ruwa muke, kuma da dare babu mai kwale-kwalen da zai tashi. Jaririn da matata take ɗauke da shi a gicciye yake kwance, abin da hoton ciki zai iya nunawa tun da wuri. An buƙaci ƙarin jini, sai ƙannena suka bayar. Yanzu tun cikin yana wata takwas nake kai ta wurin 'yar uwarta a cikin gari.

Uwargida, Jega:
Ni hawan jini ne aka gano mini a wurin awon ciki, ƙafafuna suka kumbura, mutane suna cewa alamar tagwaye ce. An yi mini allurar hana jijjiga, kuma da ƙarfina ya ƙare aka sa wa jaririyar na'ura a ka aka jawo ta. Kanta ya ɗan kumbura, ya saɓe da kansa.

Ungozomar asibiti:
Hajiya, awon ciki ne ya cece ki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar naƙuda da ake sayowa a kemis a yi wa mace a gida, domin idan hanya a toshe take, mahaifa tana iya fashewa. Magidanta, ku bar izini da kuɗin mota kafin ku yi tafiya.